Barka da Kirsimeti daga Leeds

Zuwa ga Baba da Mama da dukan mutanen gida a Agege,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Barkanmu da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. Yaya jikin Baba? Ni lafiyata ƙalau, sanyi ne kawai ya sa ni a gaba.

Yanzu ƙarfe biyar a nan, shida ke nan a wurinku, amma tun kafin huɗu gari ya yi duhu. Da ƙafa na je aiki, da ƙafa na dawo, domin yau ba bas, ba jirgin ƙasa, shaguna duk a kulle. Ku kwatanta Pen Cinema ba danfo ko ɗaya, ba oda, ba yaro mai fasa banga. To, haka Kirsimetinsu yake, kowa ya shige gida ya ja ƙofa. A gidan tsofaffin da nake aiki an gasa talotalo ba ko ɗigon yaji, da wasu 'yan mitsi-mitsin kabeji masu ɗaci, kowa da hular takarda a ka, har ni. Ƙarfe uku aka kunna talabijin, aka yi tsit don jawabin Sarki Charles. Jiya da dare na je coci. Awa ɗaya cif aka tashi, baiko ma da kati ake bayarwa, ba mai taka rawa zuwa gaba.

Mama, wainarku ce ta hana ni sakat tun safe. Na san jiya kun jiƙa shinkafa, Auta ya kai niƙa yana ƙunƙuni, ƙullu ya kwana a rufe, kafin asuba tanda ta hau wuta, ƙamshin man gyaɗa da albasa ya cika layinmu. Ga miyar taushe da kabewar da Yaya ya ɗauko daga kasuwar Mile 12. Ni ma na gwada nawa a nan. Sanyi ya hana ƙullun tashi, na jingina shi da hita ya kwana, da safe na soya a kaskon ƙwai tunda ba tanda. Abin da ya fito, ko silifas ya fi shi laushi. Na yi dariya ni kaɗai a kicin, dariyar kuma ba ta ƙare da daɗi ba.

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne Kirsimetin 2022. Kun tuna shekarar. Baba na kwance, ɓarin jiki ya shanye, aikin gadi ya tafi. A watan Yuni gwamnati ta hana acaɓa a Ikeja, ba a yi sati biyu ba aka ƙwace babur ɗin Yaya, wanda ko bashinsa ba mu gama biya ba. Duk da haka ba ranar da kuka fasa tashin mu ƙarfe biyar don addu'ar safe. Gaskiya a lokacin haushi nake ji, ina ganin me za mu gode a kai. Ranar da muka karanta Zabura 23, aka zo "Ubangiji makiyayina ne, ba zan rasa kome ba", Yaya ya ce ƙasa-ƙasa, "Ban da babur." Na zaci za ku yi faɗa. Sai kuka miƙa masa Littafi Mai Tsarki kuka ce shi zai ƙarasa mana karatun, Baba kuma ya ce amin da bakinsa da ya karkace, duk muka fashe da dariya da hawaye.

A watannin nan ne matan Zumunta na ECWA suka riƙa zuwa mana, wannan da derikar shinkafa, waccan da wake a leda, su zauna a bakin gadon Baba suna buga tulu a hankali don kada mai gidan haya ya yi magana. Da Kirsimeti ya zo ba akuya, ba ɗinki, na ce bana a haƙura da rabon abinci. Kuka ce ba a gidanku ba. Ni na kai wa Hajiya ta ɗakin ƙarshe waina shida kacal a kwanon samira, ina sunkuyar da kai don kunya. Kwanon ya dawo da kaza soyayya guda. Har yau ban san ko ta ji labarinmu ne ba, ko dama ta yi niyya. Ko da aka shiga wahalar kuɗi a hannu a farkon 2023, aka kuma cire tallafin fetur a watan Mayu, ban ji kowa ya ƙara yin ƙorafin tashin asuba ba.

Ban taɓa gaya muku ba, ƙarfe huɗun dare nake sa agogo a nan, don ya zo daidai da biyar ɗinku. Wani lokaci barci ya sace ni a kan gwiwa, amma ina tashi. Yau wata tsohuwa da ba wanda ya zo dubawa ta riƙe hannuna, na yi mata waƙar Kirsimeti da Hausa. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ba ta sake ni ba sai da na kai ƙarshe.

A gaida Kawu da iyalinsa a Idi-Araba, da Fasto da uwargidansa, da dattawan ikilisiya. A gaida Yaya da amaryarsa. Auta, an ce ka shiga mawaƙa, Allah ya ji ƙan kunnuwan jama'a. Goggo kuwa, a rungume mini ita sosai, a ce ina sa rigar sanyin da ta saƙa ko da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma man zafin da ta ce in aiko yana hanya, kada ta daina shafa na wurinta kafin ya iso. Hajiya, a ce mata 'yar aiken waina tana gaisuwa, da Alhaji da yara. A gaida Iya mai shago, wadda ta yi ta ba mu bashi ba ta taɓa ɗaga murya ba.

Na tura ɗan abin da ya samu ta asusun Yaya, a fara da maganin Baba. A ɗauko mini bidiyon matan Zumunta na yau, har da rawar baiko. In kuma an ji mai zuwa Ingila, a ba shi ƙaramar tanda ta ƙarfe, ta ƙasa ba za ta kai ba.

Taku,
'yarku ta Leeds