Targaɗen gindin wuya ba na dannawa ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani rauni da muke rainawa a nan Tahoua, musamman yanzu da aka ƙare aikin gona, samari suka koma filin kokowa.

A watan jiya ɗan ƙanena, mai shekara 19, ya sha kaye a wajen atisaye, ya faɗi a kan kafaɗa, abokin karawarsa kuma ya danne shi. Ciwon bai tsaya a kafaɗar ba, sai ya fito a gindin wuya, daidai inda ƙashin nan da ya miƙo daga kafaɗa yake haɗuwa da ƙashin ƙirji. Kafin labari ya iso ni an riga an kai shi wajen maɗori, wanda ya yi ta danna kumburin da ƙarfi don ƙashin ya koma. Da muka je asibiti bayan kwana 2, sai aka tarar targaɗe ne, jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar sun ɗan yage. Allah ya kiyaye, amma bayanin da likita ya yi mana ranar shi ya hana ni yin shiru.

Wannan ƙaramar gaɓa ita kaɗai ce ta haɗa ƙasusuwan hannu da na gangar jiki, kuma jijiyoyinta na da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa ba ta cika jin rauni ba sai da babbar faɗuwa, irin ta kokowa ko ta kabu-kabu. Idan targaɗe ne kawai, maganinsa ba ya da wuya: a naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora na minti 15 zuwa 20, a rataye hannun, a sha maganin ciwo, a huta. Mai sauƙi yakan lafa cikin ƴan kwanaki, wanda jijiya ta yage kuwa yana iya kai mako 6.

Inda hatsarin yake shi ne idan kan ƙashin ya goce. In ya goce waje, ana ganin tudunsa, kuma galibi ba ya barazana ga rai. In kuwa ya nutse ciki, to bayansa akwai maƙogwaro da hanyar abinci da manyan jijiyoyin jini da ke kusa da zuciya. Wannan ba ya faruwa da yawa, amma kumburi na iya ɓoye shi, har hoton ƙashi na yau da kullum ya kasa nuna shi sai an shiga sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla. Mutumin da numfashi ko haɗiya ke yi masa wuya bayan irin wannan faɗuwa, ko muryarsa ta dishe, ko hannunsa ya mutu ko ya sake launi, ba mai jiran gobe ba ne. Likitoci ma ba sa mayar da irin wannan gocewa sai a ɗakin tiyata, bayan an sa mutum barci. Ga kuma abin da ya fi tayar mini da hankali: wannan kan ƙashi shi ne na ƙarshe da ke gama haɗewa a jiki, sai wajen shekara 25, don haka abin da muke kira targaɗe ga saurayi yana iya zama karaya.

Ba na raina maɗora, domin ni kaina maɗori ya ɗora mini hannu ina yaro, kuma mutane da yawa a karkara ba su da wanda ya fi shi kusa. Roƙona gare su shi ne su bar gindin wuya, kada su danna, kada su ja, su tura mutum asibiti.

A garin nan aka fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a 1975, kuma har yau yaranmu da ita suke mafarki. Ina kira ga masu horar da ƴan kokowa da shugabanninsu na jihar Tahoua su nemi ma'aikatan lafiya su koya musu waɗannan alamomi kafin gasa mai zuwa, kuma kada a mayar da yaro fili don kawai ya ce ya ji sauƙi, sai likita ya amince.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta, Tahoua