Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kan tsohon layin dogo na Zariya zuwa Jos

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan ƙaramin jirgin ƙasan nan da ya taɓa tashi daga Zariya ya hau tsaunukan Jos, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan Bauchi. Bai taɓa shiga garin Bauchi ba. A wancan zamanin dai Jos ɗin ce ke cikin lardin Bauchi. Yau ka tsayar da matashi a Saminaka ka ce masa jirgi ya taɓa bi ta yankinsu, sai ya ɗauka zolayarsa kake yi.

Kuza ce ta kawo shi. Kafin a shimfiɗa dogon, a ka ake ɗaukar kuzar, 'yan dako su yi ta taka sayyada kwana da kwanaki har Loko a bakin Binuwai, inda za a zuba ta a jirgin ruwa. Da layin Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya a 1911, sai kamfanonin haƙar ma'adinai suka matsa a ja musu reshe. Aka yi shi na araha: faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, alhali babban layi ƙafa 3 da inci 6 ne. Saboda haka duk kayan da ya sauko da su sai leburori sun sauke su a tashar Zariya, sun sake lodawa a manyan taragu. Ya isa Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama da Jengre.

Tauraronsa bai daɗe yana haske ba. A 1927 babban layi ya iso Jos ta Kafanchan, kuza ta samu hanyar Fatakwal kai tsaye, ga kwal ɗin Inugu na hawowa. Ƙaramin ya ci gaba da lallaɓawa da fasinja da amfanin gona har aka rufe shi a 1957.

Ranka ya daɗe, abin da ya sa na nufo ofishinka ban nufi hukumar jiragen ƙasa ba shi ne, ba roƙon a dawo da jirgin nake yi ba. Titin mota na Pambeguwa ya riga ya gaje shi. Damuwata ita ce duk wanda ya shiga jirgin nan da wayonsa, yau ya haura shekara 75. Su ne suka san inda kowace tasha take, da abin da ake talla a bakinta, da waɗanda aka kwasa lokacin diban gwamna aka kai ramukan kuza a yaƙin duniya na biyu. Takardun Turawa sun ƙidaya tan-tan na kuza, amma ba su damu da sunan wanda ya fasa dutse ba.

Don haka ina roƙon hukumarka ta haɗa kai da sassan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jos, a tura ɗalibai su bi sawun layin gari-gari, su naɗi muryoyin dattawa, su zana taswirar duk wata gada ko kwalbati ko harsashin tasha da ya rage kafin gonaki da gine-gine su haɗiye su. A kafa allo da Hausa a kowace tsohuwar tasha.

Sai kawunan jirgin da ke ajiye a harabar gidan tarihi na Jos. Gidan nan da aka buɗe a 1952, ai kuza ce silarsa, tunda a wajen haƙarta aka tsinto gumakan Nok, wato mutum-mutumin yumɓu na mutanen da can can. Ƙarfen da ya yi jigilar kuzar ya cancanci rumfa mai kyau, da fenti, da bayanin da ɗan firamare zai karanta ya gane.

Allah ya ja zamaninka.

Naka,
Wani mai sha'awar tarihi daga Zariya