Kafin ka biya kuɗin "Core i7", karanta lambar da ke biye da ita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ja hankalin ɗalibai, iyaye da masu ƙananan sana'o'i kan abin da ke cin kuɗinsu wajen sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, musamman 'yar gwanjo da ake shigo da ita daga Turai da Amurka. Mutum zai shiga shago ya ce shi "Core i7", wato wani ajin furosesar kamfanin Intel, yake so, a miƙo masa mai wannan tambari, ya biya da tsada, ya je gida ta riƙa tafiyar hawainiya. Tambarin ba ƙarya ba ne, sai dai rabin zance ne.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan guntun silikon ne da bai fi farce girma ba, cike da ƙananan makunnan lantarki da ake kira taransisto. Intel 4004 da ta fito a 1971 tana da guda 2,300, M1 ta kamfanin Apple da ta fito a 2020 kuwa biliyan 16 ne a cikinta. Aikinta bai wuce huɗu ba: ta ɗauko umarni, ta gane abin da ake nufi, ta aiwatar, ta ajiye sakamako, sannan ta sake. Akwai agogo da ke buga mata ganga, idan aka rubuta GHz 3 ana nufin bugu biliyan 3 a sakan ɗaya.

Daga nan ruɗin ya fara, domin yawan bugu ba shi ne yawan aiki ba. Pentium 4 ta kai GHz 3.8 tun 2004, amma furosesar yau mai GHz 2 ta yi mata fintinkau, saboda a kowane bugu tana gama umarni da yawa, har ma tana hasashen inda manhaja za ta nufa ta fara aikin tun kafin a iso wurin. Zafi ne ya tsayar da tseren GHz. Ƙara sauri na buƙatar ƙara ƙarfin wuta, zafin kuma sai ya ninka fiye da ribar da aka samu. Shi ya sa tun daga 2005 Intel da AMD suka koma zuba ƙwayoyin aiki biyu ko fiye a furosesa guda, kamar tela ya ƙara kekunan ɗinki maimakon ya matsa wa guda ɗaya.

A kwatanta waɗannan biyun, duka suna yawo a kasuwanninmu. Core i7-7500U ta 2016 ƙwaya biyu gare ta. Core i5-8250U ta 2017 ƙwaya huɗu gare ta, kuma duka biyun an tsara su ne kan wat 15. A aikin da ake iya raba wa ƙwayoyi, irin haɗa bidiyo ko buɗe manhajoji da yawa lokaci guda, i5 ɗin ta fi i7 ɗin nesa ba kusa ba. Lambar farko bayan karan tsakiya ita ke nuna zubi, wato zamanin ƙirar furosesa: 7 zubi na bakwai, 8 na takwas. A 10210U ko 1135G7 lambobi biyu na farko ake dubawa, wato zubi na 10 da na 11. Idan lambobin uku ne kacal, kamar 520M, to zubin farko ne, ta kwana biyu ƙwarai. Harafin ƙarshe ma yana magana: U mai tsimin batir ce, H kuma mai ƙarfi ce, mai shan wuta da fitar da zafi.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, galibin lokacin da kwamfuta ke jan ƙafa, furosesa ba gajiya ta yi ba, jira take. A ɗauka kowane bugu na furosesa mai GHz 3 sakan ɗaya ne a agogonmu. Ɗauko bayani daga ƙaramar ma'ajiyar da ke jikinta, wadda ake kira kash, zai ci kamar sakan huɗu, tamkar mai shayi ya miƙa hannu ya ɗebo sukari a kan teburinsa. Ɗaukowa daga RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, zai ci kusan minti biyar, an aiki yaro shagon bakin titi ke nan. Daga SSD, faifan ajiya na zamani marar juyawa, kwana uku zuwa huɗu. Daga tsohon faifai mai juyawa, HDD, kusan shekara guda! To ina amfanin gwanin mai shayi idan sukarinsa sai baɗi zai iso? Kwamfuta mai RAM GB 4 tana cika da zarar an buɗe shafukan intanet kaɗan, daga nan Windows ta fara jibge ragowar a faifai, komai ya tsaya cak. Sauya HDD da SSD da ɗaga RAM zuwa GB 8 ya fi canza kwamfutar gaba ɗaya araha, kuma bambancin a fili yake: HDD na karanta kusan MB 100 a sakan, SSD ta SATA kusan 550. Idan gurbin RAM biyu ne, sanda biyu masu GB 4 sun fi guda ɗaya mai GB 8, don hanya biyu ke buɗewa a lokaci guda.

Sai zafi, wanda mu nan Arewa ya fi shafa. Yawancin furosesoshin Intel na tafi-da-gidanka iyakarsu digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyos. Da sun doshi nan sai su rage wa kansu gudu don kada su ƙone. A watan Afrilu, lokacin da Kano, Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, iskar da fanka ke ja ita kanta da zafinta. Ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe ƙananan haƙoran ƙarfen da ke bakin fanka, man da ke tsakanin furosesa da bututun tagulla ya bushe ya tsage. Alamarsa sananniya ce: kwamfuta ta tashi garau, bayan minti goma fanka ta fara ihu, aiki ya ja baya. Gyaran ba wuya. A kashe, a cire batir, a buɗe bayan, a riƙe fanka da yatsa kada ta juya sannan a hure ƙurar. A kwance bututun, a goge tsohon man da auduga da sinadarin isofurofil, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, a ɗaure kusoshin bi da bi yadda aka sa musu lamba. Kuma don Allah a daina ɗora ta kan katifa ko filo, ta ƙasa take numfashi.

Caja ma na da hannu. Wasu kwamfutoci, irin na Dell da dama, idan ba su gane cajar da aka sa musu ba ko ƙarfinta bai kai ba, misali mai wat 45 a gurbin mai 65, sukan danne furosesa ƙasa da GHz 1. Mai ita sai ya yi ta zargin ƙwayar cuta alhali jabun caja ce.

Kafin a biya, a kunna ta a shagon. A danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a shiga Performance. Nan za a ga cikakken sunan furosesa, adadin ƙwayoyi, yawan RAM, da ko faifan SSD ne ko HDD. A buɗe bidiyo biyu ko uku a bar su minti goma, ana kallon gudun yana tsaye ko yana zubewa. A tuna kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa, ban da 'yan kaɗan, daga zubi na takwas na Intel take karɓa a hukumance.

Ina kira ga 'yan uwa masu shaguna su riƙa rubuta cikakkiyar lambar furosesa a jikin kowace kwamfuta tare da farashinta, shugabannin kasuwanni kuma su mayar da hakan ƙa'ida.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani injiniyan kwamfuta, Kano