Koke Ga Mai Girma Hakimi Kan Ɗaure Yara Masu Naƙasar Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma, mu ma'aikatan jinya da ungozomomi da malaman firamare da iyayen yara na wannan gunduma mun kawo kuka gabanka a madadin wasu bayin Allah da ba su iya kawo nasu. Su ne ake ce wa dolo ko gaula ko galahanga, a wasu gidajen ma a ce ɗan ruwa ne, aljanu suka musanya shi. A asibiti sunan abin naƙasar ƙwaƙwalwa: yaro ya taso da jinkirin fahimta da na koyon kula da kansa, tun kafin ya kai shekara 18.

Wannan ba hauka ba ne, kuma rashin rarrabewar shi ne tushen zaluncin. Mai taɓin hankali yakan taso lafiya lau sannan ciwo ya same shi, magani kuma yakan dawo da shi hayyacinsa. Shi kuwa wannan tun ƙwaƙwalwarsa na ginuwa ta samu tawaya. Doguwar naƙuda har jariri ya fito bai yi kuka ba, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga, tamowa, rashin gishiri mai sinadarin ayodin ga mai ciki, duk suna jawo ta. Haka gubar dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta kuma bar wasu da lalurar ƙwaƙwalwa. Kwallin dutse da ake rambaɗa wa jarirai ma yakan ƙunshi dalma. Wadda ta fi ci mana rai ita ce cutar shawara ta jarirai, don ana iya tare ta. A fito da jariri hasken rana a danna goshinsa da yatsa: in wurin ya yi rawaya, musamman a kwanan farko, ko ya daina kama nono, a kai shi asibiti a sa shi ƙarƙashin fitilar shawara a ranar. Shanya shi a hantsi ba ya wadatarwa, kafur da ake zubawa cikin kayan jarirai kuma yana ƙara ta ga wasu yaran.

A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wata guda bayan haka aka ga irinsa a Daura. An rufe waɗancan, amma mari bai ƙare ba, ya koma cikin gida: igiya a ƙafa, turke a tsakar gida, ɗaki a kulle tun safe. Ba mu ce iyaye mugaye ba ne. Uwa za ta tafi neman abin sa wa a baki, tana tsoron yaro ya faɗa rijiya ko ya bi titi. Sai dai igiya na cin idon sawu har ya zama gyambo, gaɓoɓi su ƙage, yaron da ya fara koyon zuwa bayan gida ya koma yi a zaune. Ihu da buga kai da ake ɗaure shi saboda su, sau da yawa ciwon haƙori ne ko na kunne ko taurin ciki, ba shi da bakin faɗa. Ɗauri ba ya cire ciwon, sai ya ƙara ihun, a ƙara matse igiya. Wasu kuma a kemis suke sayen Largactil, maganin taɓin hankali mai sa barci, ba takardar likita, yaro ya wuni yana gyangyaɗi, jiki a sandare, yawu na dalala, kuma maganin na iya tayar da farfaɗiya ga mai ita.

Doka tana tare da su. Dokar hana wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya nuna musu wariya, ta kuma ba su ilimi kyauta har sakandare. Amma takardar Abuja ba ta shiga zaure sai da bakin hakimi.

Don haka muke roƙon ka umarci dagatai da masu unguwanni su bi gida-gida, tare da ma'aikaciyar lafiya mace, a rubuta kowane yaro da babba mai wannan lalura, a ɓoye sunayen. Duk wanda aka samu a ɗaure a kwance shi, a duba lafiyarsa, a taimaka wa gidan da murfin rijiya da sakatar ƙofar waje, waɗanda kuɗinsu bai kai na jinyar gyambo ba. A ja kunnen masu kemis su daina ba da maganin sa barci sai da takarda. Mai farfaɗiya ko wanda halinsa ya rikice, a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato, wanda ya fi kusa.

Muna roƙon ka sa baki wajen sakataren ilimi a ware aji ɗaya a babbar firamare, kada ya wuce yara goma ga malami da mataimaki. Koyar da su ba tsafi ba ne. A yanka aiki ƙanana: wanke hannu shi ne jiƙa hannu, goga sabulu, cuɗawa, ɗaurayewa. A yi wa yaro ukun farko a bar masa na ƙarshe, in ya iya a koma baya da mataki ɗaya. Umarni ɗaya a lokaci guda, minti goma zuwa sha biyar, kullum, a yaba masa nan take. Inda ake ɓata abin shi ne a jero masa umarni uku, ya daskare, a ce taurin kai ne a ɗauko bulala. Da yawansu da wannan hanyar suke iya alwala, kiwon kaji, ban ruwan lambu.

Sai maganar 'yan mata, ranka ya daɗe, wadda ake rufewa don kunya. Su aka fi yi wa fyaɗe saboda an san ba za a yarda da bakinsu ba. Muna roƙon a haramta sasanta irin wannan a zaure. A kai yarinya asibiti cikin awa 72 don a ba ta maganin kariya daga cutar ƙanjamau, kada a wanke tufafinta, a sanar da 'yan sanda. Kuma a daina aurar da su da sunan magani, ba tare da an tabbatar ta gane me ake nufi da aure ba.

Limamai kuma su tuna wa jama'a aya ta 5 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce a riƙe wa mai raunin hankali dukiyarsa, a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a gaya masa magana mai daɗi. Duk rabon gadon da irin wannan ke ciki, a rubuta kasonsa da sunan mai riƙe masa a gaban alƙali, a ajiye kwafi a fadarka.

A shirye muke mu horar da masu unguwanni kyauta duk ranar da ka sa mana.

Allah ya ja zamaninka.

Mu ne naka,
Ma'aikatan jinya, ungozomomi, malaman firamare da iyayen yara na wannan gunduma.