Kwamfutoci huɗu a gida, wanda ya san kansu ya tafi bautar ƙasa

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaishe ka da abokan aikinka na shirin fasahar zamani, Allah ya ƙara basira. Ni malamar Hausa ce a wata sakandare a cikin garin Gombe, a Pantami muke zaune. Na lura yawancin masu rubuto maka kan waya suke tambaya. Tawa damuwar ta kwamfuta ce, kuma har guda huɗu, don haka ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar.

A 2020, lokacin kullen korona, ƙanina da ke karatun kwamfuta a jami'a ya dawo ya zauna tare da mu. Ya tarar da kwamfutocin gidan duk suna kan Windows 7, wadda Microsoft ta daina yi wa gyara tun watan Janairun shekarar, ga nauyi ga bairos. Sai ya goge ya ɗora mana Linux. Ya ce babbar manhaja ce ta kyauta wadda kowa ke da damar duba yadda aka rubuta ta, ba a sayen lasisi, ba a kuma satar sa. Gaskiya mun ji daɗinta. Tun daga lokacin ba mu sake kai ko ɗaya wurin mai gyara saboda bairos ba.

Ga yadda suke. Ta tebur ta maigidana ce, Ubuntu 20.04 ce a kanta, wani nau'in Linux, ram ɗinta (ƙwaƙwalwar da take aiki da ita) giga 8. Hatsi yake sayarwa a Tudun Hatsi, kuma duk lissafin buhunan masara da wake da bashin da yake bin mutane yana cikinta, a manhajar rubutu da lissafi ta LibreOffice. Da ita yake shiga asusunsa na banki, ita ce kuma ke haɗe da firinta. Laftof ɗina ma Ubuntu 20.04 ce, amma ram giga 4, a nan nake buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Ta yara Linux Mint 20 ce, wai ta fi kama da Windows, kuma babbar 'yarmu a kanta take gwajin tambayoyin JAMB. Sai wata 'yar ƙarama tsohuwa ta Baba, surukina, mai Lubuntu 18.04, wadda ba ya komai da ita sai sauraren karatun Alƙur'ani da tafsiri.

Yanzu ƙanin nawa yana bautar ƙasa a Kudu, a wani ƙauye da sai ya hau tudu yake samun sabis. Shi ya kira ya ce min wa'adin da kamfanin Canonical, mai Ubuntu, ya ɗiba na yi wa Ubuntu 20.04 gyaran tsaro kyauta, shekara biyar, ya cika tun watan Mayun 2025, na Mint 20 kuma tun Afrilu. Ta Baba kuwa ta daɗe da wucewa, tun 2021. Ya ce kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum, sai dai duk wata kafa da 'yan damfara suka gano daga yanzu ba mai toshe ta. Da na tuna cewa da ta tebur ake shiga banki, sai hankalina ya tashi.

Maigida bai ga abin tashin hankali ba. Cewa ya yi da tsohuwar zuma ake magani, abin da ke aiki lafiya a ƙyale shi. Ban ga laifinsa sosai ba, domin idan lissafin nan ya salwanta, akwai bashin da ba shi da wata shaida a kansa. Wani mai gyara a kasuwa kuma ya ƙara masa ƙarfi, ya ce a kawo duka ya mayar da su Windows 10 a huta. To amma ita ma Windows 10 ɗin an rufe babinta ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa tana neman kayan ciki da 'yan kwatanon namu ba su da su. Wannan shawarar kam na riga na ajiye ta gefe, sai dai idan kai ka ga wani abin da ban gani ba.

Hanyoyi uku ƙanina ya zayyana min, a gurguje, kafin sabis ya yanke.

Ta farko, a ɗaga kowace kwamfuta a inda take, ba tare da an goge komai ba. Matsalar ita ce ba a tsallake: daga 20.04 sai an bi ta 22.04 kafin a kai 24.04, wadda ke da gyara har 2029. Ita ma Mint sai ta bi ta 21 kafin 22. Wato kwamfuta uku, kowacce hawa biyu, kuma ya ce kowane hawa zai ci fiye da giga ɗaya. Malam, ka san yadda data ta koma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba, wuta ce. An ce idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Laftof ɗina batirinsa ya mutu, da an zare caja yake ɗaukewa, ta tebur kuwa dama ba ta da batir. Muna da ɗan sola, amma da rana yake da ƙarfi, lokacin da data ke da tsada kuma sabis ke jan ƙafa. Datar dare mai rahusa kuwa sai bayan sha biyu, lokacin da inbata ta fara kuka saboda fanka da firji sun shanye batir. Lokacin da ake da wuta daban, lokacin da ake da data daban. Shin akwai yadda za a sauke kayan sabuntawar da dare, a ajiye, sannan a ɗora su da rana ba tare da intanet ba? Ya ambaci wata manhaja, apt-cacher-ng, wadda ke sa kwamfuta ɗaya ta sauke ta raba wa sauran ta waya ko rauta. Shin wannan aikin irina ne, ko na injiniyoyi? Kuma za ta yi wa Mint amfani tare da Ubuntu?

Ta biyu, a sauke Ubuntu 24.04 sau ɗaya, kusan giga 6, a sa a filashi, a goge kowace kwamfuta a ɗora sabuwa. Ni zuciyata ta fi kwantawa da wannan, domin data sau ɗaya za a kashe, kuma duk gidan zai koma abu guda, in na koyi gyaran ɗaya na koyi na sauran. Fargabata uku ce. Lissafin maigida da hotunan iyali sai an kwashe su tukuna, kuma ban san ko kwafe babban fayil ɗin gida zuwa ma'ajiyar waje (hard disk) ya wadatar ba, ko akwai ɓoyayyun abubuwa kamar kalmomin sirrin da manhajar shiga intanet ta Firefox ta adana waɗanda za su tafi. Sai firinta, wadda na ga irin wahalar da yaron nan ya sha kafin ta yarda ta buga. Sai kuma abin da ya shafi aikina kai tsaye: ya saita min allon rubutu yadda nake samun ƙ da ɗ da ɓ ba tare da na je ina kwafowa ba. Malamar Hausa da ke buga wa ɗalibai "kafa" a wurin "ƙafa" ai ta gama zubar da girmanta. A ina zan sake samun wannan saitin? Sannan an ce giga 4 shi ne mafi ƙarancin ram da 24.04 ke buƙata, wato laftof ɗina yana bakin iyaka. Ko in ɗora wa duka Mint 22 ko Xubuntu ne, tunda an ce sun fi sauƙin nauyi? Na ji dai cewa Xubuntu shekara uku ake yi mata gyara, ba biyar ba, ni kuwa ba na son in dawo wannan magana da wuri.

Ta uku ita ce maigida zai fi so in ya ji. Wai akwai Ubuntu Pro, rajista kyauta ga mai amfanin kansa har kwamfuta biyar, wadda ke tsawaita gyaran tsaron 20.04 zuwa 2030. Ba gogewa, ba hawa. Tambayata ita ce ko kwamfutar da ake lissafin kasuwanci da ita ta shiga cikin wannan kyautar, kuma ko manhajar shiga intanet ɗin za ta ci gaba da samun sabuntawa yadda shafin banki ba zai wayi gari ya ƙi buɗewa ba. Na san dai ba ta shafi Mint ba, don haka ta yara tana nan da matsalarta ko da an bi wannan hanyar.

Ta Baba kuma 32-bit ce, wato tsohon ƙirar kwamfuta, Ubuntu ta daina fitar da irin nata tuntuni. Ƙanina ya ce Debian 12, wani nau'in Linux ɗin daban, za ta hau, amma Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ita ma ta yar da su. Ni a ganina tunda ba ta shiga intanet, karatun ma da filashi ake zuba masa, a bar wa tsoho abinsa yadda ya saba. In akwai haɗari a hakan ka faɗa min.

Akwai kuma batun lokaci. Duk bayan shekara biyu a watan Afrilu ake fitar da Ubuntu mai dogon wa'adi, ke nan mai bin bayan 24.04 ita ce ta Afrilun 2026, ƙanina kuma zai gama bautar ƙasa ba da nisa da hakan ba. Maigida ya ce a jira shi kawai. Ni kuwa ina ganin watannin sun yi yawa a bar asusun banki a kan manhajar da ba mai kula da ita, ga rajistar JAMB na matsowa, ba na son in taɓa kwamfutar yarinyar nan ana gab da jarrabawa. Hutun ƙarshen zango shi ne kawai sararin da nake da shi.

In da hali, ka faɗa min wadda zan fara da ita a cikin huɗun, da abin da zan tanada kafin in taɓa komai. Ina tunanin in gwada da laftof ɗina, in ya yi kyau sai in nuna wa maigida da idonsa kafin in kusanci tasa. Ban taɓa rubuta umarni a baƙin allon nan ba sai ana karanto min ta waya, amma in aka yi min bayani dalla-dalla da Hausa ina iya bi. Don Allah ka amsa a shirin ƙarshen mako, lokacin maigida yana gida, domin ya fi ɗaukar magana daga bakinka fiye da nawa.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mai sauraronka,
Malamar Hausa daga Pantami, Gombe