Auta, maganar tafiyar nan taki bakin teku

Auta,

A bakin yayarki na ji, wai sati mai zuwa za ku bar Abuja ku nufi Bayelsa da Ondo, ke kuma ko ki ɗaga waya ki faɗa min. Ai ce min kika yi aikin na kwamfuta ne, kina zaune ofis kina duba hotunan tauraron ɗan adam, da wannan na lallaɓa Babanku har ya amince.

Lokacin da kika zo Jos hutun sallah kika buɗe min hotunan tauraron nan Landsat na da da na yanzu, ga Ayetoro ta jihar Ondo teku na cinye garin gida bayan gida, ga inda itatuwan mangurob masu fitowa a ruwan bakin teku suke kore shar ya koma fayau saboda malalar ɗanyen mai, wallahi har maƙota sai da na ba labari. Toh abin da tun 1972 yake ɗauko hoto daga sama, me ya rage kuma da sai kin shiga kwalekwale?

Na san me za ki ce, wai daga sama da wuya a bambance mangurob da wannan nipa ɗin mai kama da kwakwar manja da aka kawo Kalaba a 1906 ta bi ta mamaye bakin ruwa, ga gajimare na rufe yankin da damina, dole sai an je an gani da ido an ɗauki GPS. Na ji. Amma Auta ba ki iya ruwa ba! Ke da ko dam ɗin Lamingo ban taɓa bari kin matsa kusa ba, kuma kin san dalili, kin san abin da gidan nan ya gani a kan kawunki, ba sai na tono ba. Ruwan can yana cika yana janyewa kullum, ƙasan duk taɓo ne mai riƙe ƙafa. Ke da bakinki kika ce rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni da mai ya gurɓata zai ci shekara 25 zuwa 30, aikin da zai kai haka ba zai tsaya don ke kin zauna a tudu ba. Ɓoye min ɗin da kika yi shi ya fi min ciwo, ba haka na raine ki ba.

Ban ce kar ki je ba, na san masuntan can mutane ne kamar mu, abincinsu ne ke tafiya. Amma dan Allah rigar nan mai hana nutsewa ki ɗaure ta tun kafin ki taka jirgi, kar ki shiga in ya cika maƙil, kar ki yarda da tafiyar yamma, ki riƙe addu'ar hawa abin hawa. Kullum in kun fito tudu ki kira ni ko filashin ne. Allah ya tsare min ke, ya yi miki albarka.

Mamanki