Wasiƙar Zango na Biyu: Kyautar Bincike da Iya Bayani

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna fatan kuna lafiya tare da iyali.

Wasunku sun tare mu a bakin ƙofa suna tambayar abin da ya sa 'yan aji biyu na babbar sakandare suke ta tsintar matattun ƙwayayen fitila da guntayen fensir a gida. Wata uwa ma cewa ta yi ɗanta ya ƙarar mata da salatif ɗin shago. Laifin namu ne, ga kuma dalili.

A wannan zangon sashen kimiyya ya sa su bincike a wani reshe na fiziks da ke nazarin kayan da ake ƙera abubuwa da su: me ya sa wayar jan ƙarfe take ɗaukar wuta amma roba ba ta ɗauka, me ya sa gilashi yake fashewa ƙarfe kuwa ya lanƙwashe. Maƙerin da ke tsoma jan garwashin ƙarfe cikin ruwa don ya yi tauri ya san wani abu daga wannan ilimi, ko da bai taɓa zama a aji ba.

Batun salatif kuwa, asalinsa daga Jami'ar Manchester ne a Ingila. A 2004 wasu masana biyu haifaffun Rasha, Andre Geim da Konstantin Novoselov, suka riƙa manna salatif a jikin baƙin abin nan da ke cikin fensir suna ɓantarowa, suna sake mannawa suna ɓantarowa, har suka samu fallen da kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ce tak. Sunansa girafin. A kaurin milimita ɗaya na wannan baƙin abu akwai falle kusan miliyan uku irinsa. Duk da siririntarsa, yana cikin mafi ƙarfin kayan da aka taɓa gwadawa, kuma yana ɗaukar wutar lantarki sosai. A 2010 aka ba su kyautar Nobel. Yaranmu sun fi jin daɗin wani ɓangare na labarin: wannan Geim ɗin ya taɓa ɗaga kwaɗo mai rai a iska da ƙarfin maganaɗisu, har aka ba shi kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2000. Ba mu amince kowa ya gwada wannan ba.

Ƙwan fitilar ya fi kusa da rayuwarmu. Tun shekarun 1960 ake da fitilar LED ja da koriya, amma shuɗiya ta gagara kusan shekara 30, kuma in babu shuɗi ba a samun farin haske. Mutum uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka dage da wani sinadari mai suna galiyam naitirayid har ya ba da haske a farkon shekarun 1990. Sun karɓi Nobel a 2014. Fitilar cajin da yaranku ke bitar karatu da ita in an ɗauke wuta, da tocilan ɗin waya, da ƙwan da ɗan ƙaramin farantin sola ke riƙewa har asuba, duk 'ya'yan wannan aikin ne.

Abin da ya sa muka sauya tsarin kyautarmu ta bana shi ne wata lambar yabo da Ƙungiyar Masana Fiziks ta Amurka ke bayarwa a fannin nazarin kayan da ake ƙera abubuwa da su, mai ɗauke da sunan marigayi David Adler, wanda ya kasance malami a jami'ar MIT ta Amurka. Ba ingancin bincike kaɗai ake dubawa ba. Ana duba rubuce-rubucen mutum na fayyace fannin da kuma yadda yake gabatar da lacca. Wannan ba sabon abu ba ne. Michael Faraday, wanda ya fara rayuwa a matsayin yaron mai ɗaure littattafai, ya shafe shekaru yana yi wa yara lacca a Landan, har da wadda ya yi a kan kyandir kawai. A ganinmu, ɗalibin da ya haddace ma'ana da Turanci amma ya kasa gaya wa kakarsa abin da ke sa ƙwan fitila ya yi haske, da sauransa.

Don haka makin zai rabu biyu. Rabi na aikin da ɗalibi ya yi da hannunsa da abin da ya rubuta, rabi na bayanin minti biyar da zai yi da Hausa a gabanku. Alƙalan rabin na biyu daga cikinku za a zaɓa, kuma ba sai wanda ya yi boko ba. In ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba, a sake. Muna musamman roƙon maƙera da masu gyaran waya da masu haɗa sola da ke cikinku su zo, don tambayoyinku sun fi namu kaifi.

Roƙo ɗaya: kada a bar yaro ya fasa batirin waya ko na fitilar caji a gida, musamman wanda ya kumbura, domin yana iya kamawa da wuta. A kawo shi makaranta yadda yake.

Taron sauraron bayanan ɗaliban zai kasance ranar Asabar ta ƙarshe kafin hutu, ƙarfe 10 na safe, a babban ɗakin taro. An tanadi wurin zama na iyaye mata a gaba, ɓangaren dama.

Wassalam,
Shugaban Makaranta